Kyamara ko ƙofa da alam, wanne za ka fara sa wa situdiyonka na ɗaukar waƙa?

Ɗan uwa na ga tambayarka, ka ce kuɗinka ba zai isa duka ba, ka fara da kyamarar tsaro ne ko ka fara gyara ƙofa ka sa alam, wato na'urar da ke kunna jiniya in ɓarawo ya shiga. Ni dai a ganina ƙofa da alam ne farko, kyamara ta biyo baya, amma bari in jera maka su ka gani da kanka.

Ita kyamara shaida ce kawai, ba ta riƙe hannun kowa. Wanda ya zo da dare ya rufe fuska ya ja hula, da safe abin da za ka samu shi ne bidiyon yadda aka fita da kwamfutarka da sipikoki, kuma mai wayo akwatin da ke ajiye bidiyon zai fara ɗauka, shi ya sa in za ka sa ta to ka ɓoye akwatin a wani ɗaki daban ko ka zaɓi wadda ke tura hoto ta intanet nan take, ka haɗa mata batir domin in an yanke wuta kar ta mutu.

Ƙofa kuma lokaci take cinye wa ɓarawo, shi kuwa ba abin da ya tsana kamar daɗewa a wuri. Amma kar ƙofar da ke tare sauti ta ruɗe ka, tana da nauyi da kauri gaskiya, sai dai an yi ta ne don ƙara ba don ɓarawo ba, sau da yawa makullinta na banza ne. Duba firam ɗin, don ko ƙofar ƙarfe ce in firam ɗin bai kama bango sosai ba da ƙarfe ɗaya za a ɓanɓare ta. Sakatar makullin ta shiga cikin firam kamar milimita 25, hinjin ya kasance ta ciki, in kwaɗo ne ka nemi wanda wuyansa a rufe yake yadda almakashin yanka ƙarfe ba zai samu wurin kamawa ba. Sannan ka ɗaga kai ka kalli silin da ramin AC, mutane na mantawa da su. In ka sa ƙarafa a taga don Allah ka bar hanyar da ke buɗuwa ta ciki, soson da muke mannawa a bango wani irinsa yana kama wuta da sauri kuma hayaƙinsa guba ne, rai ya fi kaya.

Ga abin da ya sa nake matsa maka kan alam ɗin. Ka kashe kuɗi ka toshe ɗakin nan yadda ƙara ba ta fita, to haka ma in ɓarawo ya shiga zai kwance kaya ya ja tebur ya fasa loka ba maƙwabcin da zai ji komai. Don haka jiniyar a waje za ka kafa ta, can sama inda hannu ba ya kaiwa, ka sa na'urar maganaɗisu mai gane an buɗe ƙofa da mai gane motsin jikin mutum a ɗakin kayan, kuma ka ɗauki mai layin waya a ciki wadda za ta kira ka ko ta turo saƙo ko da intanet ya ɗauke.

Inda kyamara ta fi su duka shi ne satar rana. Mawaƙi ya zo da abokai biyar, kai kana kan allo hankalinka na kan aiki, makirufo kamar Shure SM58 ko hedifon ko ɗan iLok, wato 'yar na'urar USB mai ɗauke da lasisin manhajojinka, duk suna shiga aljihu ko jaka, ƙofar ƙarfe ba ta da abin yi a nan tunda kai ka buɗe musu. Kyamara ɗaya mai kallon ƙofar fita tana sa mai niyya ya fasa. Ka sanar da mutane akwai ta, ka kashe mata ɗaukar sauti, don ba mawaƙin da zai yarda waƙarsa da ba ta fito ba ta zauna a wata na'ura. Kafin ka samu kuɗinta, makirufo masu tsada su koma loka bayan kowane aiki, jakunkuna su tsaya a waje, laftof ka ɗaure ta da igiyar ƙarfe mai makulli ta Kensington in tana da ramin da ake maƙala ta.

Akwai wanda ba ya cin ko sisi, yau ɗin nan ka yi shi. Ɗauki hoton kowane kaya da siriyal lambarsa da rasit ka ajiye a imel ɗinka, da su 'yan sanda da kamfanin inshora za su yi aiki, da su za ka gane kayanka in ka gan shi a kasuwa. In kwamfutarka Mac ce kunna Find My mai nuna inda take da FileVault mai kulle bayanan cikinta, in Windows ce BitLocker ne ke kulle bayanan. Ka rage ɗora bidiyon da ke nuna duk kayanka da ƙofar shigarka. Ayyukan mutane kuma ka yi musu kwafi 3, ɗaya ba a cikin ginin ba, don sipika za ka sake saya amma muryar da aka ɗauka wata shida da suka wuce in hard disk ɗin da ke ajiye ta ya tafi sai dai ka kira mai waƙar ka ba shi haƙuri.