Ci-rani a Legas ko noman rani a fadama?

Yaron da ba shi da uwa a gindin murhu a nan Argungu, hanya biyu ce gabansa bayan damina: ya shiga mota zuwa Legas, ko ya sauka fadama.

Ci-rani kuɗinsa a hannu yake, ka yi acaɓa ko dako yau, da dare ka tura wa inna ta POS. Amma tun da aka hana acaɓa a wasu unguwannin Legas a 2022 yaranmu nawa suka dawo ba mashin, ga kwana a rumfa.

Noman shinkafa kuwa wallahi sai mai haƙuri, wata huɗu kana zuba jari ba ka ga ko sisi ba, ga taki ga fetur ɗin injin ban-ruwa da ya haura tun 2023, kuma ba mu manta ambaliyar 2020 ba. Duk da haka ni fadama na zaɓar wa ƙanena. Su huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi inji ɗaya, ran da ya lalace tare suka kwance shi a bakin rijiya, hannu duk baƙin mai, har ya tashi. Yanzu maƙwabta ƙanen nawa suke kira gyara.