Wata uku da ƙaramin majigi a tsakar gidanmu na Ƙofar Doka

A ƙarshen damina na sayi wani ƙaramin majigi a kasuwar Sabon Gari ta Zariya, wanda girmansa bai wuce na burodi guda ba, kuma na dakata har ya cika wata uku a hannuna kafin na ce komai a kansa, domin ba a gane halin kayan lantarki a makon farko. Abin da ya kai ni ga sayensa gardama ce. A zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin ɗalibai an kwashe kwanaki ana ja-in-ja a kan fim ɗin Sarauniya Amina da ya fito a 2021, kuma na lura cewa waɗanda suka fi ɗaga murya ba su kalle shi ba, guntayen da ake turawa kawai suka gani. Sai na ce kowa ya zo gidana ranar Asabar bayan sallar isha'i, a kalla tare, a yi musun ido da ido.

Duk mai niyyar saye ya sani cewa rubutun da ke jikin kwalin ba abin dogaro ba ne. An rubuta 1080 da manyan baƙaƙe, amma abin da ake nufi shi ne na'urar tana karɓar hoto mai wannan inganci, ba wai tana fitar da shi yadda ya shigo ba. Da rana kuwa ba ta da amfani ko kaɗan, ko an rufe tagogi. Amma idan dare ya yi, aka kashe fitilar tsakar gida, aka ajiye ta kimanin taku huɗu daga farin zanen gado da muka ɗaure a jikin katanga, hoton yana fitowa da faɗin da mutum ashirin za su gani daga kan tabarma ba tare da wani ya ce a gyara masa ba. Ba ta cin wuta sosai, don haka batirin sola na gidan yana riƙe ta har fim ya ƙare ko da an ɗauke wuta.

Sautinta ne babban rauninta. Ƙarar fankar da ke sanyaya ta tana danne maganar 'yan wasa, har sai da na haɗa ta da wata sifika ta daban. Haɗa ta da waya ma ya ba ni wahala, domin manhajojin kallo na biyan kuɗi suna hana a haska hotonsu ta wannan hanya, sai dai a ji murya allon kuma ya yi baƙi. Da na jona kwamfuta ta igiyar HDMI matsalar ta kau.

A daren farko kawuna, wanda ya haura saba'in, ya fito ya zauna a kujerarsa. Da ya ga haske ya ratsa duhu ya sauka a kan zanen, sai ya yi dariya ya ce ai wannan majigi ne, irin wanda motar gwamnati take kawowa fili suna yara, ana nuna noman auduga da tsabtar gida, wani mutum yana fassarawa da lasifika. Ba a yi minti goma ba ya juyo ya ce mini, “Kai, yaro, wannan Aminar Turanci take yi?” Daga nan aikin fassara ya hau kaina, kamar mutumin lasifikar.

Ra'ayina game da fim ɗin shi ne an kashe kuɗi a kan dawakai da fagen yaƙi, amma Zazzau ɗin da ke cikinsa ba ta yi kama da wadda muke taka ƙasarta ba, tun daga sutura har yanayin gaisuwa a fada. Muhawarar da ta biyo baya ta fi fim ɗin daɗi. Wani abokinmu malamin tarihi ya tunatar da mu cewa tsohon littafin nan na Tarihin Kano ya ajiye Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438, inda ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, kuma Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni (wato bayi maza da aka dandaƙe) 40 da goro 10,000. Wasu masana kuma suna kai ta ƙarni na 16, a matsayin 'yar Bakwa Turunku kuma yayar Zariya wadda garin ya ci sunanta. Tazarar ta fi shekara ɗari, kuma mutanen da suka kusa ɓata da juna a waya a kan wannan batu sun tattauna shi a kan tabarma suna shan shayi, har aka zarce zuwa maganar Atagara, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cewa a can ta rasu. Kawu bai sa baki ba sai da aka zo kan ganuwa, ya ce shi dai ya san tsayinta a wajen Ƙofar Gayan kafin masu haƙar ƙasar gini su cinye ta.

Da hunturu ya kankama sai wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe suka bayyana a gefen hoton. Mai gyara ya buɗe ta ya nuna mini ƙurar da fanka ta zuƙo ta manne a jikin gilashin ciki, ya goge da auduga, ya ce in riƙa mayar da ita cikin kwalinta da zarar ta huce. Ɗigo ɗaya ya ƙi fita, yana nan a kusurwar hagu ta sama, kuma yaran gidan sun riga sun sa masa suna ƙuda.