Wainar Shinkafa Ko Dambu: Wanne Ya Fi Sayar Da Kayan Girki?

Matar da ta tara mata a tsakar gida domin ta tallata tukwane tana bukatar girkin da zai nuna ingancin kayan a idon masu saye. Waina tana jan hankali, domin kowa zai ga ko kullu ya manne a tanda ko ya fita sumul, sai dai dole a jika shinkafa a bar kullun ya kwana ya tashi. Dambu ba ya bukatar wannan jira, amma turarawarsa a madambaci tana daukar lokaci, kuma aikin yana boye karkashin murfi. A ganina waina ta fi, musamman idan aka bar bakuwa ta juya da hannunta, sannan a ba ta damar biya kashi-kashi ta hanyar adashi.