Nikon Monarch M7 8x42: Madubin Hangen Nesa Don Kallon Mashaya Zumar Fure a Duwatsun Niyu Gini

Dajin kan duwatsun Niyu Gini, babban tsibirin da ke arewa da Ostareliya, ba ya raga wa madubin hangen nesa. Daga mita 2,000 zuwa sama hazo yakan sauko da rana tsaka, ruwa yakan zubo kusan kullum da yamma, rassan bishiyoyi sun sha gansakuka, haske kuma ɗan kaɗan ne ke ratsowa ƙasa. Tsuntsayen da ake zuwa nema, wato dangin Meliphagidae masu shan ruwan zaƙin fure da harshe mai kai kamar buroshi, ba sa zama wuri ɗaya. Tsuntsu ya tsoma baki a fure, ya kori ɗan'uwansa, ya faɗa cikin ganye, duk kafin ka gama ɗaga hannu. A irin wannan wuri faɗin abin da madubi ke nunawa da haskensa sun fi ƙarfin jawowarsa amfani, kuma nan ne M7 8x42 ya ci kuɗinsa.

Lambobin biyu ga ma'anarsu: 8 ninkin jawowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Raba 42 da 8, za ka samu kusan milimita 5.3, faɗin hasken da ke isa ƙwayar ido ke nan. Mai 10x42 yana ba da 4.2, mai 8x32 kuma 4. Da rana a fili ba za ka ga wani bambanci ba. Da asuba a ƙarƙashin duhuwa, lokacin da ƙwayar ido ta buɗe, bambancin a bayyane yake: ɗaya yana nuna launin fata a gefen idon tsuntsu, ɗayan inuwa kawai.

Launin nan kuwa shi ne aikin. Melidectes belfordi, mai dogon baki baƙi lanƙwasasshe da shuɗiyar fata a gefen ido, yana da ɗan'uwa, Melidectes rufocrissalis, mai baki fari-fari wanda ya fi zama ƙasa-ƙasa da shi. Inda mazauninsu ya haɗu sukan yi barbara da juna, sai a samu tsuntsaye masu kamannin tsaka-tsaki. Wanda madubinsa ke shafa wa gefen abu launin shunayya idan ya kalli reshe ta fuskar farin sama, to zai yi ta rubuta sunan da ba shi ba. Gilashin ED (nau'in gilashi mai rage warwatsuwar launi) da ke cikin M7 ya rage wannan matsala sosai a tsakiyar hoto. Haka ma Melipotes fumigatus, baƙin tsuntsun nan mai ɗorawar fata kewaye da ido, wanda fatar ke rikiɗewa daga ɗorawa zuwa ja cikin ɗan lokaci idan ransa ya tashi. A madubin nan ana ganin jan yana shigowa a hankali. (Shi dai wannan 'ya'yan itace ya fi ci, duk da sunan danginsa.)

Faɗin gani digiri 8.3 ne, wato mita 145 a nisan mita 1,000. Na 10x42 ɗinsa digiri 6.9 ne. Ga ƙanana irin Myzomela rosenbergii, wanda namijinsa baƙi ne mai jan wuya da baya, wannan faɗi shi ke sa ka same shi kafin ya bar furen. Sai dai gefen hoton ba shi da kaifin tsakiya. Can bakin da'irar abu yakan ɗan dushe. Gefen na gano motsi ne, ka juyo da tsuntsun tsakiya sannan ka tantance shi. Wanda ke son kaifi daga baki zuwa baki sai ya ƙara kuɗi ya hau aji na gaba.

Mafi kusancin da yake iya saitawa mita 2.5 ne. A wurare irin Kumul Lodge, wani masaukin baƙi da ke lardin Enga a ƙasar Papua Niyu Gini, inda ake zuba 'ya'yan itace a kan tebur tsuntsaye su sauko kusa da baranda, hakan ya wadatar galibi, amma idan tsuntsu ya matso dab da kai, sai ka ja da baya. Akwai madubai a ajinsa da suka fi shi a wannan fanni.

Kafin a shiga daji a daidaita shi da ido sau ɗaya. Rufe gilashin gaba na dama, ka murza abin saiti na tsakiya har wani rubutu ko ganye da ke nesa ya fito tas a idon hagu. Sannan rufe na hagu, ka ɗago zoben da ke wajen idon dama, ka juya shi har abin nan ya fito, ka danna shi ya kulle. Kullewar nan ba ƙaramin alheri ba ce, domin zoben da ba ya kullewa yakan goce idan madubi na gogar rigar ruwa, mutum ya wuni da ciwon kai bai san dalili ba. Mai tabarau ya mayar da kofunan ido ƙasa; tazarar milimita 17 da madubin ke bari tsakanin ido da gilashinsa ta ishi yawancin tabarau.

Batun danshi ne mutane suka fi yi wa mummunar fahimta. An cika cikinsa da iskar naitirojin an toshe, don haka ruwa ba ya shiga, tururi ba ya taruwa a ciki. Waje kuma fa? Madubin da ya kwana cikin sanyin dutse, da zarar ɗumin fuska da numfashi sun same shi sai gilashin ido ya yi fari fat, kuma daidai lokacin da tsuntsaye suka fi motsi. Maganinsa a sa shi cikin riga na mintuna kamar goma kafin fita, a rage tsawon kofunan ido da mataki ɗaya don iska ta ratsa, a kuma furzar da numfashi ƙasa. Kada a goge da bakin riga, ƙasar da ta manne za ta karce rufin gilashin. A hure, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shanye da tsumman gilashi. Da dare kada a mayar da shi jiƙaƙƙiyar jaka, nan funfuna ke samun gindin zama. A bar shi a buɗe ya bushe, in za a yi tafiya a rufe shi da ƙullin silika mai shanye danshi.

Nauyinsa kusan giram 670 ne. A baranda ba komai ba ne, amma a hawan tudu mai santsi, inda numfashi ke yin sama-sama saboda tsayin wurin, igiyar wuya takan gajiyar kuma madubin ya riƙa dukan ƙirji. Ɗamarar kafaɗa mai giciye a baya ta fi, kuma daban ake sayen ta. Wanda yawancin kallonsa a filin ciyawa ne na can saman duwatsu, inda tsuntsu ke nesa kuma haske ya wadata, 10x42 zai fi masa. Mai shiga duhuwa ya ɗauki 8x42.