Dare biyu a cikin Punjab Mail, jirgin da aka ƙirƙira don wasiƙu

Ba don tarihi na shiga Punjab Mail ba. Hutu ya ƙare, na sauka Mumbai da akwati biyu cike da garin kuka da daddawa da yaji, kuma kuɗin jirgin sama zuwa arewacin Indiya ya fi ƙarfin aljihuna a wannan makon. Wani ɗan'uwa da ya riga ni zama a ƙasar ya ce in hau jirgin ƙasa mai lamba 12137, zai kai ni har Bathinda inda nake karatu ba tare da na sauya ba. Shi ya yankar mini tikiti ta intanet tun da sauran kwanaki, domin wanda ya makara sai dai ya shiga jerin masu jiran gurbi.

Jirgin yana tashi ne bayan magariba daga babbar tashar Chhatrapati Shivaji Maharaj, wadda Turawa suka raɗa wa Victoria Terminus. Na samu gadon ƙasa a taragon sanyi mai gadaje hawa uku. Aka kawo zannuwa biyu a naɗe cikin takarda, da bargo da matashi. Na tura akwatunana ƙarƙashin gado na ɗaure su da sarƙa kamar yadda na ga kowa yana yi. Kafin mu gama hawan tsaunukan da ke tsakanin Kasara da Igatpuri an kashe fitilu, sai ƙarar ƙafafun jirgi da muryar mai shayi yana wucewa yana "chai, chai".

Wanda ke gadon da ke fuskantar nawa wani dattijo ne mabiyin addinin Sikh, da rawani shuɗi da gemu fari fat. Da asuba ya gan ni na dawo da buta a hannu ina neman yadda zan yi salla, bai ce komai ba, ya janye ƙafafunsa ya naɗe bargonsa don in samu sarari. Daga nan muka saba. Yana ce mini "beta", wato ɗana, ni kuma ina ce masa Baba. Shi ya fara tambayata ko na san abin da ya sa ake ce wa jirgin "Mail". Na ce a'a. Ya ce ai wasiƙa ce mai jirgin, mu fasinja baƙi ne.

Da gaskiyarsa. A zamanin mulkin Ingila, jiragen ruwan kamfanin P&O ne ke ɗauko wasiƙu da ma'aikatan gwamnati daga Turai, su ratso mashigin Suez su tsaya a gaɓar Bombay, wato Mumbai ta yau. A bakin ruwan, a tashar Ballard Pier, jirgin ƙasa na tsaye yana jira. Ana sauke jakunkunan wasiƙu daga wannan a loda wa wancan, Bature da iyalinsa su fito daga jirgin ruwa su taka 'yan taku su shige tarago. Hukumar jiragen ƙasa ta tsakiyar Indiya tana lissafa 1 ga Yuni 1912 a matsayin ranar haihuwar Punjab Mail, lokacin ana kiransa Punjab Limited. Tarago shida yake ja: uku na mutane, uku na wasiƙu da kayan gidan waya, kuma fasinja 96 kawai yake ɗauka. Daga Bombay har Peshawar, kusa da iyakar Afganistan, kilomita 2,496 ne, yana cinye su cikin kamar awa 47. Da na ji shekarar sai Kano ta faɗo mini a rai, domin a 1911 layin dogo ya iso ta. Sa'annin juna ne ke nan, kuma hannu ɗaya ne ya shimfiɗa su.

Wannan rabon na uku da uku shi ya fi tsaya mini. Rabin jirgi sukutum na takarda ne. Umarnin gwamna, albashin soja, saƙon uwa zuwa ga ɗanta da ke barikin kan iyaka, duk a cikin buhu suke tafiya, kuma saboda su ake share wa jirgin hanya. Talakan ƙasar kuwa ba shi da kujera a ciki sai wajen tsakiyar shekarun 1930 da aka ƙara taragon masu ƙaramin ƙarfi. A 1914 aka mayar da tashinsa Victoria Terminus, a 1945 aka saka masa taragon sanyi. Yau idan ka taka daga wannan tarago zuwa wancan za ka ga sojoji masu komawa bakin aiki, da ɗalibai, da mata da ƙullin abinci, da leburori masu zuwa gonakin alkama na Punjab. Jirgin da aka yi don mutum 96 ya zama na kowa, kuma ni a nan na ga darajarsa.

Rana ta biyu ita ce ribar tafiyar. Da safe, bayan Itarsi, muka haye kogin Narmada, mutane na wanka a matakalan bakin ruwa. Hantsi ya same mu a Bhopal. Bayan Jhansi da Gwalior, inda wata tsohuwar ganuwa ke zaune a kan dutse tana kallon gari, sai ƙasa ta tsattsage ta zama kwazazzabai har gadar kogin Chambal. A Agra Baba ya sauka da sauri ya dawo da kwalin petha, wata alawa fara da ake yi da wani nau'in kabewa, ya tura mini ya ce ba a wuce garin nan baki a bushe. Abinci kuwa na tsaya a kan shinkafa da miyar wake da chapati don in huta da tambayar yankan nama, kuma ya ƙosar da ni.

Mai gaggawa ya sani, wannan ba jirginsa ba ne. Tashoshi sama da hamsin yake tsayawa, kuma kafin ya shiga Delhi ya haura awa 24, alhali Rajdhani, jirgin ƙasa mai sauri da ke bi ta jihar Gujarat, yana yin wannan tafiyar cikin kamar awa 16. Amma ga mai kaya da yawa da kuɗi kaɗan, ko wanda yake son ya ga tsakiyar Indiya da idonsa, zan ce ya hau ba tare da shakka ba. Ya nemi gadon ƙasa saboda salla, ya riƙe butarsa, ya kuma sa rigar sanyi kusa don dare. Tun ƙarshen 2020 an sauya masa taragai zuwa sababbi, tafiyarsu ba jijjiga sosai.

Bayan mun bar Delhi da dare Baba ya yi maganar da ban manta ba. Ya ce mahaifinsa haifaffen wani ƙauye ne kusa da Lahore, kuma a da wannan layin yana haye kogin Sutlej ya bi ta Kasur ya shiga Lahore ya wuce Peshawar. A 1947 aka raba ƙasar biyu, Lahore da Peshawar suka faɗa Pakistan, iyalinsu suka tsallako da abin da hannu zai iya ɗauka. Tun daga nan jirgin ya daina wuce Firozpur, kilomita 1,930 daga Mumbai, 'yan kilomita kaɗan kafin iyaka. Ya ce tsohon ya rasu bai sake ganin ƙauyen ba.

Cikin talatainin dare muka shiga Bathinda. Na kwance sarƙa a hankali don kada in tashe shi, ashe idonsa biyu. Ya tashi ya kama mini akwati ɗaya har bakin ƙofa, ya cusa mini ragowar kwalin petha a aljihun riga, ya ce in gaida mutanen gida idan na yi waya. Ina tsaye a dandamali cikin sanyi har fitilar taragon ƙarshe ta ɓace ta nufi Firozpur.