Hattara da mai tallar kai yara hutu bakin tafki

Jama'a, musamman iyaye da malaman Islamiyyu na yankin Rano, Kibiya, Bunkure da Bebeji, ku yi hattara. Tun da aka shiga dogon hutun nan akwai wani matashi da ke yawo yana cewa shi wakilin kamfanin yawon buɗe ido ne. Ga zaƙin baki, ga shadda mai maiƙo, ga takardar talla mai hotuna masu kala. Ba ya tunkarar iyaye kai tsaye. Malamin makaranta ko shugaban ƙungiyar matasa yake samu, ya ce masa: "Malam, in ka haɗa yara ashirin, kai kyauta za ka je." Daga nan malam ya zama shi ne mai tara masa kuɗi da mutuncinsa.

Tafiya biyu yake tallatawa. Ta farko zuwa dam ɗin Tiga, a shiga jirgin ruwa mai inji, a kwana a otal ɗin Bagauda. Ta biyu zuwa tsaunin Mambila, a tashi Juma'a bayan masallaci a dawo Lahadi. Rabin kuɗi yake karɓa tun da wuri, ta wani asusun waya mai sunan mace, kuma kullum maganarsa ɗaya ce, kujeru sun kusa cika.

To ga abin da ke cikin hotunan takardar tallar. Tafki ne shuɗi shar, duwatsu da dusar ƙanƙara a bisansu, gidajen katako a gefe. A kusurwar wani hoton har da jar tuta mai farin kuros a tsakiya, tutar Suwizalan ke nan, ko yanke ta bai iya yi ba. Mu da muke cin kifin Tiga, wa zai nuna mana wannan ya ce Tiga ce? Dam ne da aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974, yana da kyansa daidai gwargwado, amma babu dutsen da dusar ƙanƙara ke rufewa a duk Najeriya. Otal ɗin Bagauda kuwa ya daɗe da zama makarantar horar da lauyoyi. A ina za a kwantar da yaran, a ajin lauyoyi?

Ta Mambila ta fi ban haushi. Gembu tana ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, kusa da iyakar Kamaru. Sai ka wuce Bauchi, Gombe, Jalingo, Bali da Serti kafin ka fara hawan tsaunin, ga damina. Zuwa da dawowa kaɗai sun cinye kwanakin da ya ambata.

A wani ƙauye kusa da mu, yara sun hallara a tasha tun bayan asuba, kowa da jakarsa da kular abinci, wasu har da sabon ɗinki. Har azahar babu mota, wayar matashin a kashe. Akwai uwar da ta sayar da akuyarta don kada a bar ɗanta a baya. Yanzu malamin ake ja gaban mai unguwa, alhali ko sisi bai ci ba.

Ko da ma tafiyar gaskiya ce, wa zai saka ƙananan yara a jirgin ruwa cikin Agusta, dam a cike, babu rigar kariya? Ba mu manta da ɗaliban Islamiyyar da jirgi ya kife da su a Bagwai a Nuwamban 2021 ba, Allah Ya jiƙansu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge saƙon banki, ya kai shi ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da takardar tallar, ya kuma sanar da bankinsa. An ce an ga matashin ya nufi wajen Birnin Kudu da Gwaram, don haka mai 'yan uwa a can ya tura musu wannan tun yau.