Parkside ko Ferrex: sayen kayan kafinta masu araha a Lidl da Aldi

Duk mazaunin Ingila ko Jamus ya san layin nan na tsakiyar kantin Lidl da na Aldi, inda ake jibge kayan da ba na ci ba. Wani mako tufafin yara ne, wani mako tukwane, wani mako kuma injin huda katako, zarton lantarki, cizal da samfefa. Kayan aikin Lidl sunansu Parkside. Na Aldi kuma Ferrex ne da Workzone. Sau da yawa kuɗin inji ɗaya na Makita ko DeWalt ya isa ka kwashi biyu ko uku a nan, kuma wannan arahar ce ke sa mutum ya ɗauki abin da bai yi niyyar saye ba.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, Lidl da Aldi ba sa ƙera ko da ƙusa. Kwangila suke bai wa wasu kamfanoni irin su Grizzly Tools da Kompernass da Scheppach, a ƙera akasari a Sin, a manna sunan kantin. Don haka zarton da maƙwabcinka ya saya bara yana yabo, ba lalle ne shi ne wanda aka kawo bana ba, ko da kalarsu ɗaya. A kayan Lidl akwai lambar IAN a jikin kwali da jikin injin. Da ita ake gane takamaiman samfurin, da ita kuma ake neman kayan gyara.

Na biyu, kayan ba kullum suke nan ba. A Ingila ranakun Alhamis da Lahadi ake sauke sababbi, a Jamus galibi Litinin da Alhamis, kuma in sun ƙare sai ka jira watanni. Aldi ta Ingila ta daina sayar da irin waɗannan kaya ta intanet a 2023. Mazauna Jamus sun fi samun sauƙi, domin Lidl na da shagon intanet a can, kuma ana samun Parkside a Kaufland, tun da kamfanin Schwarz ne ke da su duka biyun.

Kayan hannu

A nan ne araha ta fi biyan kuɗin sabulu. Cizal na Aldi, guda huɗu a kwali masu ƙotar katako, sun yi suna a tsakanin masu sha'awar aikin katako bayan da Paul Sellers, wani sanannen malamin kafinta ɗan Ingila, ya yi ta yaba su yana aiki da su, alhali a lokacin kuɗinsu bai kai fam 10 ba. Amma kada ka zaci za ka ciro su daga kwali ka hau aiki. Bakinsu ba shi da kaifin kirki, bayansu kuma ba a miƙe yake sosai ba. Sai ka zauna da dutsen wasa wuƙa ko samfefa da aka manna a kan gilashi, ka daidaita bayan, ka wasa bakin. In ƙarfen na da kyau, wannan aikin na yini guda ne ke mayar da su cizal na gaske. Abin da ka rage a kuɗi, ka biya shi da lokacinka.

Da wannan nake auna duk sauran kayan: shin aibin da ke jikin abin nan, hannuna zai iya gyara shi? In zai iya, saya. Abin matse katako lokacin da gam ke bushewa, guduma, sukundireba, tabarau da abin toshe kunne, duk ka kwasa ba fargaba. Abin matse katako ma dai ba ya yi wa kafinta yawa.

Sukwaya, wato abin auna kusurwa, kuwa sai an gwada. Ka ɗora ta a gefen katako miƙaƙƙe, ka ja layi, ka juya ta ɗaya ɓangaren ka sake ja daga wuri ɗaya. In layukan biyu sun rabu, mayar musu da abarsu. Karkatacciyar sukwaya za ta ɓata maka duk abin da ka auna da ita, kuma kanka za ka riƙa zargi, ba ita ba. Abin kankare fuskar katako na hannu ma ban ba da shawarar sabo mai araha ba. Tsohon Stanley ko Record mai lamba 4, wanda ake samu a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi ko a eBay, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Batir shi ne ainihin cinikin

Mai sayen injin batir na farko yana ganin inji ɗaya ya saya. A gaskiya dangi ya shiga, domin batir ɗin Parkside ba ya shiga injin Ferrex, na Ferrex ba ya shiga Ryobi. Da zarar ka mallaki batir biyu da caja, duk injin da za ka ƙara sai ya zama na gidan nan. Ka kuma duba kwali da kyau, saboda da yawa daga cikin injunan ana sayar da su ne ba batir ba caja, abin da ke sa farashin ya yi kamar kyauta.

Tsarin batir na Lidl shi ne X 20 V Team, na Aldi kuma Activ Energy. Kada lambar 20 ta ruɗe ka har ka ɗauka ya fi Makita mai 18 ƙarfi. Duka biyun ƙwayoyin batir biyar ne a jere, kowace volt 3.6, wato 18. In an cika caji taf, kowace takan kai 4, sai a rubuta 20. Abin dubawa shi ne Ah, wato yawan cajin da batir ke ɗauka. Batir mai 2 Ah ya wadatar da injin huda da ɗaure sukuru, amma zarto da injin goge katako za su zuƙe shi nan da nan, sai mai 4 Ah.

Tsakanin kantunan biyu, ni Lidl zan zaɓa in dai maganar batir ce. Injunan da ke aiki da batir ɗinta sun fi yawa, sun fi dawowa kanti a kai a kai, kuma tana da zubi na sama, Parkside Performance, baƙaƙe maimakon koraye, waɗanda galibinsu motarsu ba ta da burushin gawayi, don haka ba ta saurin zafi kuma ta fi tattalin caji. Lidl ta ɗauki harkar da muhimmanci har ta ɗauko Arnold Schwarzenegger yana yi mata talla. Aldi takan kawo abu mai kyau, amma ba ka da tabbacin yaushe za ka sake ganinsa.

Sai dai akwai zaɓi na uku da ya cancanci a sa shi a sikeli. Ryobi ONE+ da Einhell Power X-Change sun fi tsada kaɗan, amma kowace rana suna nan a shagunan kayan gini. Ryobi ma tun 1996 ba ta canza bakin batir ɗinta ba. In caja ta mutu kana tsakiyar haɗa kabad, ba za ka jira Alhamis ɗin da ba ka san ranar zuwanta ba.

Injunan waya

In aikinka a gareji ne ko bayan gida kusa da soket, mai waya ya fi araha kuma ya raba ka da rigimar batir. Injin goge katako da ƙaramin zarton yankan lanƙwasa na kantunan nan suna yin aikin gida daidai gwargwado. Zarton Parkside mai gudu a kan dogo, na yanka manyan allunan filawud, shi ma yana da masoya. Sharaɗin ɗaya ne: cire faifan da ya zo da shi ka sa na kirki. Faifai mai haƙora 24 na tsaga katako ne a tsaye, mai 48 kuma shi ke yanka filawud ba tare da ya yayyage gefensa ba. Haka bakin huda da samfefa, a nan ne masu ƙera kayan araha suka fi tsuke hannu.

Injin fitar da ado a gefen katako yana da wani tarko. A Ingila ƙafar bakin da ake ɗaura masa inci kwata ce, wato milimita 6.35, a Jamus kuma 6 ko 8. In ka cusa mai 6 a mariƙin 6.35, ido ba zai ga bambanci ba, amma yana iya suɓucewa injin na tsakiyar gudu.

Wanda zan ce a yi hattara da shi shi ne zarton tebur. Ingancinsa a shingen da ke riƙe katako yake, kuma na masu araha yakan goce. Shingen da ya karkace yana sa faifai ya cafki katako ya wurgo maka shi. Wannan aibi ne da wuya hannu ya gyara. Gara ka nemi tsohon Bosch mai shuɗi ko DeWalt a Facebook Marketplace, ko Kleinanzeigen in a Jamus kake. A Ingila ka lura da masu filogi rawaya: na wurin gini ne, volt 110, ba sa aiki a gida sai da taransifoma.

Garanti

Yawancin injunan kantunan biyu suna zuwa da garantin shekara 3, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wannan farashi. Ban da shi, dokar Birtaniya ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya mai aibi a ba ka kuɗinka, a Tarayyar Turai kuma mai sayarwa na ɗauke da alhakin aibi har shekara 2. Ɗauki hoton rasit ran da ka saya, domin rubutunsa gogewa yake yi. Ka kuma karanta takardar: an rubuta ƙarara cewa ba don sana'a aka yi su ba, kuma garanti ba ya rufe wanda ke cin abinci da su.

Wannan ya shafi masu son aika wa ɗan'uwa kafinta a gida. Wuta ba matsala, volt 230 na Turai ya dace da namu, filogin Ingila irin na Najeriya da Ghana ne, mai zagayayyun ƙafafu biyu na Jamus kuma shi ake gani a Nijar da Kamaru da Chadi. Amma garanti ba zai bi injin zuwa Kano ko Maraɗi ba, kuma injin da aka yi don aikin ƙarshen mako a kan katako mai laushi zai sha wuya in aka sa shi yanka maɗaci daga safe zuwa magariba. In batir ɗin Parkside ya mutu a can, samun wani sai an dace. Cizal, abin matse katako da faifan zarto masu kyau sun fi dacewa da tsaraba, injin kuma a ba shi kuɗi ya sayi Ingco ko Total a kasuwa, inda akwai batir da mai gyara. In kuma dole sai ka tafi da na batir, a jakar hannu ake sa batir ɗin, ba a cikin akwatin da za a auna ba, kuma mai 4 Ah yana da Wh (ma'aunin wutar da batir ke riƙewa) 72 zuwa 80, ƙasa da iyakar 100 da kamfanonin jiragen sama suka amince da ita.